Ƙuri'ar Mai Fanka

A gida Auta ake ce masa, a layi kuwa Mai Fanka. Na gida sun raɗa masa nasu tun yana goye, ba su kuma ga dalilin canzawa ba har furfura ta cinye masa gemu. Na layi ma ba su yi ƙarya ba, domin duk wanda ya leƙa shagonsa fanka zai fara gani: ta tsaye, ta tebur, ta bango, mai keji da wadda aka tuɓe wa keji, wasu sun warke suna jiran masu su, wasu an farke musu ciki waya ta zubo. Shagon siriri ne, a matse tsakanin mai aski da mai walda. Benci ɗaya ne dogo, da ƙarfen narka dalma, da gwangwanayen madara cike da noti da sukuru, da warin ƙonanniyar waya wanda ya kama bango har ya zama na gida.

Yana da wata ɗabi'a a aikinsa. Ba ya miƙa wa mutum fankarsa sai ta wuni tana juyi a gabansa ya ga kamun ludayinta. Saboda haka kullum akwai sahun fankoki a bakin ƙofa suna kai kai dama suna dawo da shi hagu. Mai aski, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi, yakan leƙo ya ce, "Ikon Allah! Duk shagon nan kowa na girgiza kai ban da mai shi."

Mai Fanka yakan yi dariya, amma maganar tana sukarsa, don ta faɗa daidai kan gyambon. Shi dai tun da ya yi wayo ba a taɓa tambayarsa ra'ayinsa a kan komai ba. Sana'ar nan ma ba shi ya zaɓa ba. Yaya Babba ne ya kama hannunsa wata safiya ya kai shi wurin wani mai gyaran kayan wuta, ya ce ga ƙanena, ya juya ya tafi. Lokacin da mahaifinsu ya rasu aka taru don a yanke shawara a kan gidan gado, Auta yana da aure har da 'ya'ya, amma shi aka tura aro kujeru. Ya kwaso, ya jera, ya goge, ya nemi ta ƙarshe zai zauna ke nan sai ya ji Yaya Babba na cewa, "To tunda baki ya zo ɗaya, sai a sayar." Aka shafa, aka tashi, shi kuma ya mayar da kujeru.

Matarsa mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ba ta ma da bukatar yin haka. Sai ya dawo ya tarar an sake wa ɗaki fenti, ko an canza wa yaro makaranta, sannan ta tare shi da ruwan sha da fara'a ta ce, "Malam, na ce bari in sanar da kai." Sanarwa kam ya sha ta a rayuwa, har ya ƙoshi.

Wurin mai aski yake sauke wannan kaya. "Ni fa ba a tambayata," yakan ce, kansa a sunkuye ana kankare masa ƙeya. "Da za a tambaye ni, da an ji magana." Ya yi imani har zuciyarsa cewa akwai wata a'a a cikinsa, lafiyayya, wadda ba a taɓa taɓawa ba, tana nan ajiye tana jiran ranarta. Wasu na tara fili, wasu na tara mata da 'ya'ya, shi abin da ya tara ke nan.

Ana nan sai wani mutum mai gilashi ya fara kawo masa aiki. Ba fankar ɗaki yake kawowa ba, wasu 'yan ƙanana ne baƙaƙe masu faɗin tafin hannu, kuma a buhu yake zuwa da su. Mai Fanka ya gyara buhu na farko, ya gyara na biyu, a na uku ya kasa haƙuri.

"Wai ɗan'uwa, wane irin inji ne wannan mai cin fanka haka?"

"Na kirifto ne, Baba. Kuɗin intanet. Ina da rumbu guda cike da su, dare da rana suna aiki, zafi kuwa kamar gidan burodi."

Mai Gilashi mutum ne mai son a tambaye shi, sai ya ja kujera. Ya ce kuɗin nasu ba ya cikin manyan da ake ji a rediyo, amma tsarin ɗaya ne: ba banki, ba shugaba. Duk cinikin da mutane suka yi da shi ana tattara shi a zuba a wani abu da suke kira bulo. In bulo ya cika sai a ɗora shi a kan na baya, haka ginin ke ta hawa. Masu injuna irinsa su ne masu buga bulon, ana ce musu masu haƙa, su ake biya. Sannan akwai masu gadi. Kowane mai kwamfuta yana iya saka manhajar kuɗin, ta riƙe kwafin ginin tun daga tushe, ta riƙa auna duk sabon bulon da ya zo. In ya bi ƙa'ida ta karɓa, in ya saɓa ta ƙi shi.

Mai Fanka ya ajiye sukundireba. "Ta ƙi shi? Ko na wane ne?"

"Ko na wane ne."

"Ko duk duniya sun yarda da shi?"

"Injinka ba ruwansa da duniya, Baba. In ya ce a'a, to a wurinka a'a ce."

"In za a canza ƙa'idar fa? Wa ke zama ya yanke?"

"Ba kowa. Sai an rubuta sabuwar manhaja, kowa ya saka da hannunsa in ya yarda. Wanda bai yarda ba ya zauna da tsohuwa. Ba mai saka maka."

"Nawa ake biyan mai gadin?"

"Ko sisi."

Da wani ne ya ji haka, da nan ya tsaya. Mai Fanka kuwa nan ne ma ya ji abin ya kwanta masa, don a ganinsa duk muryar da ake biya ba ta mai ita ba ce. Abin nema ya samu. Mai Gilashi ya kawo masa wata tsohuwar kwamfuta da ya daina amfani da ita, ya saka masa manhajar, ya nuna masa inda zai duba. Mai Fanka ya share mata wuri a ƙarshen benci, ya sake mata fanka da hannunsa, ya haɗa mata batir saboda masu ɗauke wuta. Ta yi makonni tana jan tsohon gini daga intanet tana nishi, shi kuma yana zaune kusa da ita kamar mai jinya.

Daga nan rayuwarsa ta sami wani sabon ɗanɗano. Bayan kowane ɗan lokaci sai wani layi kore ya fito a allon: an karɓa. Sai ya gyaɗa kai da nauyi, irin na wanda aka kawo wa takarda ya sa hannu. Bai mallaki wani abin kirki a kuɗin ba, abin da yake da shi ko fuka-fukin fanka ba zai saya ba. Matarsa ta yi ƙorafin kuɗin data, ta gaji ta bari. Mai aski ya ce bai taɓa ganin mai gadin da ba a biya, yana gadin gidan da ba nasa ba, kuma gidan ma ba a ganinsa. Mai Fanka bai kula su ba. Ya koyi taken masu gadi, wato kada ka ɗauki maganar kowa sai ka duba da idonka, yana kuma maimaita shi ga duk wanda ya kawo fanka ko bai tambaya ba.

Shekaru suka tura. Masu amfani da kuɗin suka yawaita, bulo kuwa girmansa na nan yadda aka yanka shi tun farko. Ciniki ya fi ƙarfin wurin zuba shi, layi ya yi tsawo, mai son a sa nasa a gaba sai ya ƙara lada. Sai wasu suka ce abin ai mai sauƙi ne, a ƙara girman bulon ninki takwas kowa ya huta. Wasu suka ce ina! In bulo ya yi ƙato, ginin zai yi nauyin da ƙaramar kwamfuta ba za ta iya ɗauka ba, talakawan masu gadi su faɗi ɗaya bayan ɗaya, a wayi gari manyan kamfanoni kaɗai ke gadi, su buga bulo su kuma auna wa kansu.

Mai Fanka bai sha wahalar gane ɓangarensa ba. Ya dubi tsohuwar kwamfutarsa da ke haki da ƙaramin bulo ma, ya ce lallai da shi ake. Ya shiga zauren da 'yan ƙaramin bulo suke tattaunawa a waya, ya koyi rubutu da yatsa ɗaya, yana yi yana lumshe ido ɗaya. Suka sa masa suna Dattijo. Ranar da wani da bai taɓa gani ba, daga wata ƙasa da bai san inda take ba, ya rubuta cewa Dattijo ya yi gaskiya, sai da ya karanta wa matarsa saƙon har sau biyu. Ta ce madalla, ta tambaye shi ko ya tuna da sabulun da ta ce ya sayo.

Gardamar nan ta daɗe, ta kuma yi muni. Mutanen da suka ce sun gaji da shugabanni sai ga su sun fi shekara suna neman wanda zai raba musu faɗa. 'Yan babban bulo suna ce wa 'yan ƙarami masu baƙin ciki da ci gaba, 'yan ƙarami suna ce musu 'yan amshin shatan kamfanoni. Aka zagi iyaye, aka tono tsofaffin saƙonni, aka kori mutane daga zauruka, duk da sunan neman haɗin kai. A ƙarshe manyan masu haƙa da masu kamfanoni suka kulle kansu a wani otal, suka fito da sanarwa cewa baki ya zo ɗaya. Mai Fanka na karanta wannan sai ya ji nauyin kujerun aro ya dawo masa a kafaɗa. Aka sa lambar wani bulo da ke tafe, aka ce daga kansa sabuwar manhaja za ta fara karɓar manya. Tsohuwa kuwa za ta ƙi, daga nan hanya ta rabu biyu, kowa ya bi ginin da injinsa ya yarda da shi.

Mai Gilashi yana cikin 'yan babba, ba ya ma ɓoyewa. Ya zo da buhunsa kamar kullum, Mai Fanka ya tare shi tun daga ƙofa.

"Ba kai ka ce mini ba mai yanke wa wani ba?"

"Na faɗa, Baba, kuma har gobe haka ne. Ka ce a'arka, ba mai riƙe maka baki. Sai dai ka san sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Mota ba za ta fasa tashi don fasinja ɗaya ya ƙi shiga ba."

"Ta tashi mana. Amma za a rubuta cewa akwai wanda ya ƙi."

Ya karɓi buhun, ya gyara fankokin nan tsaf, ya wuni yana gwada su, ya mayar don su je su sanyaya injunan da ke shirin take shi. Aiki daban, ra'ayi daban, in ji shi.

Abin da yake so bai taka kara ya karya ba. Ya san ba zai hana komai ba. So yake kawai ranar nan ta zo, babban bulo ya iso ƙofarsa, injinsa ya dube shi ya ce a'a, a gaban shaidu. In ya sami wannan, to ya fanshe gidan gado da fentin ɗaki da duk sauran.

A gida ba shi da zance sai wannan. Ana cin abinci yana bayani, cewa injinsa ba zai iya ɗaukar manyan bulo ba, cewa so ake a kashe irinsu. Matarsa tana cewa Allah ya kyauta, samarin gidan suna danna waya. Mutum ɗaya ce ke ajiye cokali ta saurara, 'yarsa ta biyu, wadda yake kira Uwata saboda yadda take yi masa faɗa in ya ƙi shan magani. A kantin sayar da kwamfutoci take aiki, tana kuma ƙaunar ubanta ƙauna mai tsanani, irin wadda ba ta iya ganin matsala ta bar ta ta kwana.

Ana saura 'yan makonni, Yaya Babba ya aiko cewa an yi shawara, Auta ne zai je dubo wata gwaggonsu da ke kwance a wani gari. Ya je, ya kwana biyu, ya dawo. Yana buɗe shago sai ya ga baƙuwa a ƙarshen benci: wata kwamfuta baƙa, sabuwa fil, ko numfashinta ba a ji. Uwata na tsaye a bayansa da makullin da ta karɓa wurin uwarta, mai aski na leƙe yana washe baki.

"Baba, ka huta da nishin waccan. Wannan ko bulon dutse aka kawo za ta haɗiye."

"Tsohuwar fa?"

"Na kai ta wurin aikinmu, an cire abin cirewa. Ai ta gama yi."

Ya so ya ce ba a tambaye shi ba, ya fasa. Ya san abin da yarinyar nan take samu a wata, ya kuma san irin wannan inji ba a tsintarsa a hanya. Yaba kyauta tukwici. Ya sa mata albarka, sannan ya tambaya a hankali, "Komai dai na nan yadda yake?"

"Komai na nan, Baba. Har ya fi."

Ya duba allo, ga ginin nan cif, ta kwafo shi daga tsohuwar, ga layi kore na fitowa. Mutumin da ba ya yarda da fanka sai ta wuni a gabansa, mai wa'azin a duba da ido, bai duba komai ba. Kunya ta hana shi. Ina za ka kama binciken kyautar 'yarka tana tsaye tana kallonka?

Akwai wani shafi a intanet da ke nuna yawan masu gadin da ke kan tsohuwar manhaja da na sabuwa, kullum da safe nan yake fara leƙawa. Washegari ya ga nasu ya ragu da ɗaya, na wancan ɓangare ya ƙaru da ɗaya. Ransa ya ɓaci. Ya ɗauki waya ya rubuta a zaure cewa wani kuma ya sayar da kansa jiya, ko wane ne shi Allah ya isa, mutumin da ba zai iya riƙe a'arsa ta 'yan makonni ba bai cancanci a tambaye shi komai ba. 'Yan zaure suka yi ta jinjina wa Dattijo.

Ranar ta zo. Masu lissafi sun ce bulon zai faɗo wajen la'asar. Tun da safe Mai Fanka ya share shago, ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi: ya taka har gidan Yaya Babba ya ce, "Yaya, ina so ka zo shago yau, akwai abin da nake so ka gani." Tsohon ya dube shi ta saman tabarau, mamaki ya sa ya ce to.

Aka hallara. Yaya Babba da sandarsa a kan kujera mai kyau, mai aski da tawul a kafaɗa, mai walda ya ɗage gilashinsa zuwa goshi, da wata mata da ta zo karɓar fankarta ta ga taro ta tsaya. Mai Fanka ya kashe duk fankokin don a ji shi sosai, zafi ya rufe shagon nan take.

"Kun ga wannan lambar?" ya ce yana nuna allo da sukundireba. "In ta cika, za a aiko da ƙaton bulo. Manyan duniya duk sun sa hannu. Zai zo nan, shagon nan. Duk shekarun nan kore kuke gani, yau za ku ga ja. Jan nan ni ne."

"In ya yi ja sai me zai faru?" in ji mai walda.

"Sai a san ban yarda ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Mai walda ya dubi mai aski, mai aski ya dubi rufi. Aka yi ta jira. Bulo ba ya zuwa da alƙawari, wani ya yi sauri wani ya yi nawa. Yaya Babba ya fara gyangyaɗi, matar nan tana fifita da mayafi a tsakiyar fankoki sun fi ashirin. Saura biyu. Saura ɗaya. Mai Fanka ya miƙe tsaye, ya gyara hula.

Lambar ta cika. Ƙaton bulo ya iso, ga girmansa nan a rubuce, ninkin abin da aka saba. Sabuwar kwamfuta ba ta ko yi tari ba. Layi ya fito kore shar: an karɓa.

Mai aski, da bai riƙe wane launi ne na wa ba, ya buga tafi ya ce, "Barka, maƙwabci!" Tafin ya farkar da Yaya Babba, ya matso da fuska kusa da allo.

"Ba ja ka ce ba?"

Mai Fanka ya sunkuya kan kwamfutar. Idonsa ya sauka can ƙasan allo, wani lungu da ke ɗauke da 'yan ƙananan lambobi, inda aka rubuta zubin manhajar da ke aiki. Makonni ke nan lambobin suna wurin, ba su ɓuya ba, ba wanda ya rufe su. Sabuwa ce. Tun ranar da ya dawo daga dubiya injinsa yake cikin 'yan babban bulo. Mutumin da ya tsine wa a zaure, wanda ya ce bai cancanci a tambaye shi komai ba, yana tsaye a cikin rigarsa ta biki.

"Wato kai ma ka bi jama'a," in ji Yaya Babba yana dafa sanda zai tashi. "To madalla, haka ake so. Ai dama na san Auta ba shi da gardama." Ya dafa masa kafaɗa da ƙauna ta gaskiya, ya fita. Sauran suka zame ɗaya bayan ɗaya, matar nan ta ɗauki fankarta da kanta.

Rana ta yi sanyi Uwata ta taso daga aiki, ta shigo da saurinta jaka na lilo. "Ta ɗauka ko, Baba? Na gaya maka za ta ɗauka!" Sai ta ga fuskarsa, ta tsaya cak.

"Wace manhaja kika saka mini?"

"Ta ƙarshe mana. Wadda ke saman shafinsu."

"Tsohuwar nake kai."

"Amma Baba, ai tsohuwar ba ta karɓar manyan..." Ba ta ƙarasa ba. Ta sa hannu ta rufe baki. Yarinya ce mai kaifin kai, abin da ya ɗauke shi shekaru yana ginawa ta gane shi kafin ta sauke hannun. "Wayyo Allah. Kullum cewa kake injinka ba zai iya ba. Na ɗauka injin ne damuwarka. Wallahi na ɗauka so kake ya iya."

Ga shi dai duk gidan ita kaɗai ta saurare shi, kuma sauraron nata ne ya kai shi ƙasa. Ya so ya yi fushi, ya laluba bai sami inda zai kama ba.

Ba ta tsaya kuka ba, ko da yake hawayen na zuba. Ta ja kujera ta zauna gaban allon, yatsunta na gudu. Ta ce bai ɓaci ba tukuna. Tsohon ginin bai mutu ba, ga shi can yana ɗingishi, wasu 'yan tsiraru sun tsaya a kansa. Ta karɓi wayarsa ta duba zaure, ta ce ga mutanensa nan suna ƙirga kansu, har an tambaya ina Dattijo. Ta sauko da tsohuwar manhajar ta ajiye ta gefen sabuwar. In ya ce a mayar, kafin a rufe shago injinsa zai tofar da ƙaton bulon ya koma inda yake so.

Sannan ta ɗauke hannunta daga kan madannai, ta juyo da kujerar gaba ɗaya ta fuskance shi.

"Baba, na yi maka shisshigi sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Ni ban san wannan abin ba, kai ka san shi. Ka faɗa mini. Tsohuwar ko sabuwar?"

Ta yi shiru tana jira. Ba ta ci gaba da magana ba, ba ta amsa wa kanta ba, ba ta dubi ƙofa ba. Bai taɓa sanin haka jira yake da nauyi ba in kai ake yi wa shi. Kalmar na nan a kan harshensa, ya san ta, ya yi shekara sittin yana wasa ta. Sai idonsa ya faɗa kan takalminta, ya ga dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya, ya gane da ƙafa take zuwa aiki tun watanni don tara kuɗin injin nan. Ya ce a ransa saboda ita ne zai yi shiru, don kada ta ɗauka kyautarta laifi ce. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba, shi ma ya sani. Tsoro ne ya kama shi. In ya faɗa, maganar ta zama tasa, in ta ɓaci ba Yaya Babba, ba matarsa, ba mutanen otal da zai nuna wa yatsa.

"To," ya ce, ya share maƙogwaro. "Ke me kika gani?"

"Baba, kai nake tambaya."

"Na ji, Uwata." Ya jawo wata fanka da ba abin da ya same ta, ya fara kwance mata keji. "Wadda kika ga ta fi, ita za a bari."